Yayan Mijina da Turancinsa na Bakin Get

Yayan mijina ya rasu wata ranar Talata bayan Babbar Sallah, a damina ta biyu da cire tallafin mai, lokacin da kuɗin mota daga Panshekara zuwa cikin gari ya mayar da magidanta 'yan tafiyar ƙasa. Ya shigo Kano shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama. Ni kuwa an kawo ni ɗakin ƙaninsa shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, ana tsakiyar farin nan da ya ƙarar da shanu. Masu boko sai su lissafa. Ni ban taɓa riƙe alli ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, kuma abin da idona ya gani ba sai na duba takarda ba.

An cika a zaman makokinsa, wannan ba zan hana shi ba. Tabarmi sun kai har bakin kwata. Yawancinsu tsofaffin leburori ne, na Sharada da na Challawa da ragowar 'yan masaƙun Bompai, masu hannuwan da ruwan jimar fata ya cinye, masu tarin da auduga ta bar musu. Ina daga bayan ƙofar soro ina jin su. Duk wanda ya zauna sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, shi ya buɗe mana baki." Wani tsoho ya tuɓe hula ya nuna tsakar kansa, ya ce, "A nan ya ɗiga mini aya. Har yau in hadari ya haɗu wurin yana mini zogi." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka tuna makoki ake, aka koma salati. Wani ya ce duk faɗin Panshekara ba a yi mai Turancinsa ba. Na kusa da shi ya ce, "Mai hannunsa dai."

A cikin gida matarsa na zaune, ta kurumce, ana yi mata gaisuwa tana amsa wata daban. Matan maƙwabta da suka shekara suna kwashe 'ya'yansu in sun ji takunsa, su suka fi kowa jan majina. Na dube su na ce a raina, kukan shinkafar sadaka ne.

Da aka zo ɗaukarsa, liman ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya dubi Allah ya yafe masa. Aka amsa baki ɗaya, mun yafe, mun yafe, kamar 'yan aji. Bakin da ya kamata a ji shi ne kaɗai ba ya wurin. Babbar 'yar marigayin ta san da haka, don tun ba a dawo daga maƙabarta ba ta rarrafo gabana ta kama ƙafata.

"Inna, ku dubi girman Allah. Baba ya tafi da haƙƙin ɗanku a wuyansa. Ku sa baki ya zo ya ce ya yafe. Maganarku kaɗai yake ji."

Na ce, "Sakar mini ƙafa, 'yar nan, ciwo take."

Ɗan da take nufi shi ne na farina. Ba na kiran sunansa, ban taɓa kira ba, kuma ba yau zan fara ba. Haka aka rene mu. Ɗan fari ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a tare masa faɗa, in ya faɗi sai wata ta ɗaga shi. Yayan miji kuwa ba a haɗa ido da shi, balle a mayar masa da magana. Ku riƙe waɗannan biyun, don a tsakaninsu na yi zamana.

Ba na so a manta da mutumin nan, kuma ba na so a tuna da rabinsa. Bari in faɗe shi yadda yake.

Shi ma bai yi makaranta ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Gumel ya zo da tabarma a kafaɗa, ya fara da ɗaukar dilar auduga a wata masaƙa a Bompai. Turanci tsintarsa ya yi ɗai-ɗai, kamar mai kalar gyaɗa a gonar da aka riga aka tone. Jikin kwali, jikin buhu, allon bango, bakin manaja. In ya ga rubutu a kwali sai ya yage wurin ya cusa a aljihu, ya tare akawu da ɓarin goro a karanta masa. Ya dawo gida yana nanatawa, a wurin wanka, a kan tuwo, a hanyar masallaci. Har mijina ya taɓa ce masa, "Yaya, ko dai a nemo mai ruƙiyya?" Bai kula shi ba. Bangon soro ya yi baƙi ƙirin da gawayi, baƙaƙen boko manya da ƙanana tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai. Mai shara ta taɓa goge masa layi guda da gefen zaninta, ya hana ta shiga gidan har ta bar unguwar.

Da masaƙu suka fara sanyi ya koma wani kamfanin fata a Challawa. A can ya zama heluma, wato shi ke tsayawa a bakin get da safe ya zaɓi leburorin wuni. Maza su yi cincirindo tun kafin jiniya, shi ya fito da sandarsa yana nuni: kai, kai, kai, saura ku koma gida. Wanda sandar ta nuna, ranar gidansa an ɗora tukunya. Wanda ta tsallake, sai wani ikon Allah.

Alherinsa ina da shi a baki, kuma zan faɗa. Da mijina ya rasu ya bar ni da ƙananan yara, shi ya samar mini wurin sayar da abinci a bakin wannan get ɗin. Masu gadi suka so su tashe ni, ya tsaya ya zazzaga musu Turancin da ko su ba su taɓa ji ba, suka koma rumfarsu. Shinkafa da wakena ya ciyar da Challawa fiye da yadda kamfanin ya ciyar da ita, ku tambaya. Kuma akwai maganar duro. A lokacin mata muna sayen shuɗin duron nan da kamfani ya gama da shi, mu wanke mu riƙa tara ruwan sha. Na sayi nawa, na cika shi da ruwan 'yan garuwa, ina murna. Ya shigo gidana ba sallama, ya duƙa ya karanta jikinsa, ya sa ƙafa ya tunkuɗe shi. Ruwa ya malale har cikin ɗaki.

"Denja," in ji shi. "Foyizin. Guba ke nan, jaka kawai. Ga shi nan da manyan baƙaƙe. Kina da ido kamar na mutane."

Ya bi gida-gida yana kifar da su, yana zagin matan mutane. Wata mata a layin baya ta ɓoye nata a ƙarƙashin gado, kafin damina ta fita ta binne ɗanta na yaye. Nawa 'ya'yan sun rayu. Wannan na shaida masa, a gaban Allah ma zan shaida. Amma tabarmar da ta jiƙe bai ce sannu ba.

Yana da makarantar koya wa leburori Turanci, a gindin darbejiyar ƙofar gida take, bayan la'asar. Ba a tilasta wa kowa, amma kowa ya lura sandar safe ba ta nuna wanda bai zo darasi ba. Sai ka ga magidanta da furfura sun tanƙwashe ƙafa a ƙasa. Ba ya karɓar ko kwabo. Kuɗin shigarsa kalma ce: kowa ya zo da sabuwar kalmar Turanci daga wurin aiki, wadda ba a taɓa kawowa ba. In ka kawo tsohuwa, ranƙwashi. Saboda haka maza suka koma farautar kalma. Wani zai ga rubutu a jikin inji ya tsaya ya kare da bayansa kada abokinsa ya gani. An yi musayar kalma da goro a kan bencina. An taɓa ba hamata iska a kan wata doguwa da aka gani a jikin motar kashe gobara. Wata rana wani Bazabarme ya zo yana washe baki, ya ce yau manaja da kansa ya ba shi tasa, har yana nuna shi da yatsa. Kalmar ita ce buladiful. Malam ya rubuta ta a allo, suka wuni suna rerawa kamar karatun sura, mu muna cikin gida muna tankaɗe. Sai daga baya na ji ashe zagi ne, wai wawa na ƙarshe.

Yana da maganganunsa da kowa ya haddace. Yakan ce, "Turanci tsarin kamfani gare shi. Manaja a gaba, aiki a tsakiya, lebura a baya. Mai yi, abin da ya yi, wanda aka yi wa." Sai ya ba da misali: manaja ya kori lebura. Su maimaita da Turanci. In wani ya ruɗe ya sa lebura a gaba, sai ya ɗaga sanda. "A gidan ubanka ka taɓa ganin lebura ya kori manaja? Mayar da shi baya."

Waƙafi da aya kuwa a jiki yake koyar da su. Mutum na karanta layi yana tsaye a bayansa. In an zo waƙafi, inda ake ɗan jan numfashi, sai ya ɗalle masa kunne. In an zo aya, inda magana ta ƙare, sai ya sauke masa ranƙwashi a tsakar ka, ya ce, "Fulsitof." Alamar tambaya kuwa, tunda a lanƙwashe take, kunnen yake murɗewa. Ko ka yi daidai sai ka sha, wai don jiki ya riƙe. Kuma ya riƙe ɗin. Na san wani dattijo da har ya mutu in yana karanta takardar asibiti sai ka ga yana noƙe kai a ƙarshen kowane layi.

Mutum ɗaya ne ya taɓa ja da shi. Wani malamin firamare ne da ya kama haya a gidan da ke kallon nasa, siriri, mai ladabi. Ya jima yana jin darasin ta taga, ran nan ya fito ya durƙusa a gefe har aka tashi.

"Baba, Allah ya saka da alheri, kuna ƙoƙari. Sai dai na ga duk abin da ake koya na umarni ne. Zo nan, ɗauki, yi sauri, fita. Ai Turanci ma yana da gaisuwa, yana da don Allah. Akwai filis, akwai eskiyus mi."

Malam ya dube shi tun daga takalmi har hula.

"Shekarunka nawa a kamfani?"

"Ban taɓa aikin kamfani ba, Baba."

"To ni tun ba a haife ka ba nake jin Turanci daga bakin masu shi. Ban taɓa jin manaja ya ce filis ba. Filis na mabarata ne, irinku masu jiran albashin gwamnati. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini iska."

Ɗalibai suka kwashe da dariya, don sandar safe tana kallonsu. Malamin firamaren ya kaɗe gwiwar wandonsa ya koma ɗaki. Bai ƙara fitowa ba, taga ma rufe ta ya riƙa yi.

Yanzu na zo kan na farin. Tun daga yaye aka ba wa yayan mijina shi, don shi 'ya'ya mata Allah ya ba shi. A gidansa ya tashi, a ƙarƙashin bangon gawayin nan. Yaron yana da in'ina. Kalma takan maƙale masa a maƙogwaro sai ya runtse ido, ya buga ƙafa, kafin ta fito. Kai kuwa yana da shi, duk abin da ke bangon nan ya haddace, in rubutu ne babu mai kama shi a gindin darbejiya. Amma Malam ba rubutu yake so ba, baki yake so. Yakan tsayar da shi a gaban maza ya ce karanta. Yaro ya kama ka-ka-ka, shi kuma ya juya ga jama'a ya ce, "Ku ba shi hanya, tsohuwar mota ce, sai an tura." Ko ya ce, "Wannan waƙafinsa ya fi maganarsa yawa." Ana dariya, ni ina wucewa da tukwane a ka. Ban taɓa rage tafiya ba.

Har ya zama saurayi yana leburancin wuni, yana jan ɗanyar fata daga rami zuwa rami. Shekarar da wayar hannu ta shigo gari, aka ce mai kula da sito zai ajiye aiki. Aikin dindindin ne, da kati, da inuwa, hannunka ba ya taɓa ruwan jima. Malam ya ƙudura sai ɗansa ya samu. Ɗansa yake cewa a lokacin.

A cikin wannan shiri ya gano wani abu: in yaron ya ɗaga murya da ƙarfi, in'inar ba ta kama shi. Sai ya riƙa fita da shi bayan gari, wajen gonaki, yana sa shi yana daka wa bishiyoyi tsawa da Turanci. Matarsa ce ta ba ni labarin abin da ya gaya masa, tun kunnenta na ji. Ya ce, "Ni na tsufa a kan yessa. Shi ya sa na ƙare a heluma. Mutanen nan wanda ya yi irin maganarsu suke ɗauka mutum. Kai za ka yi musu irin tasu, su san namiji ya zo."

Gaskiya ya faɗa a kan kansa. Duk tarin Turancin nan nasa ƙasa yake gangarowa, kan leburori da masu gadi da mu mata. Na yi shekara da shekaru a bakin get, ban taɓa jin ya haɗa kalma biyu a gaban manaja ba. Yessa, yessa, hula a hannu. Bai taɓa gwada harba shi sama ba. A kan ɗan ƙaninsa ya gwada.

Ranar da abin ya faru da safe ne, an gama zaɓen leburori, get a buɗe ana shigar da motar fata. Ina zuba wa direbobi abinci, komai a idona. Manajan wani farin mutum ne daga ƙasashen waje, gajere mai tumbi, ya fito daga mota zai nufi ofis. Malam ya zunguri yaron da sanda. Ya fito tsakiyar fili cikin rigarsa ta Sallah, ya ƙame, ya nuna manaja da yatsa kamar yadda manajan ke nuna su.

"Yu. Kam hiya."

Ko gargada babu. Murya ta fita tas har bakin titi. Ni kaina ban san yana da irin wannan muryar ba.

"Luk mi. Gib mi wok. Sito wok. Kwik-kwik."

Kai, zo nan, dube ni, ba ni aikin sito, maza-maza. Wannan ko ni na gane. Manaja ya tsaya da makulli a hannu, baki buɗe. Yaron ya ga bai motsa ba, ya waiwayi kawunsa, sannan ya ɗauko ta gaba a darasi, wadda ake koyon alamar tambaya da ita, wadda manajan da kansa ke yi musu kullum.

"A yu def?"

Wai kai kurma ne.

Wani direba ya tuntsire da dariya har wake ya sarƙe shi. Fuskar manaja ta yi ja kamar gauta. Bai ko dubi yaron ba, heluma ya nema da ido. Ya tambaya da Turanci wa ya kawo wannan, wa ya shigo da shi, yana nuna get, yana nuna heluman. Kowa a wurin ya gane cewa ɗaya daga cikinsu zai fita.

Na ga yayan mijina ya cire hula. Ya ce, "Mad boi, sa. Ai don no him." Mahaukaci ne, ban san shi ba. Ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi wa manaja, kuma an ce daidai ya yi ta, mai yi a gaba, wanda aka yi wa a baya. Ya mayar da hula, ya tako, ya ɗauke yaron da mari. Ya shaƙo wuyan rigar Sallar ya ja shi har get yana cewa gerawut, gerawut, ya hankaɗa shi waje. A gaban bencina ya faɗi, hannunsa ya bugi murfin tukunya.

Ya ɗago ya dube ni. Bakinsa na motsi, kalmar ta ƙi fitowa. Direbobi suna kallon uwa da ɗa.

Na juya na ce da na gabana, "Da mai da yaji, ko da miya?"

Abin da 'yar mutunci take yi ke nan, kuma an yaba. Matan da ke sayar da kunu a gefena sun yi ta faɗa a unguwa cewa ba su taɓa ganin mai kunya irina ba. Wata daga cikinsu ce ta ɗaga shi ta kaɗe masa riga. Da azahar Malam ya fito cin abinci kamar kullum, ya zauna a inda ya saba. Na zuba masa, na sa masa tsokarsa. Ya ci loma biyu ya ce gishiri ya yi kaɗan. Na miƙa masa.

Yaron bai koma gidan ba, ko kayansa bai ɗauka ba. Na'ibawa ya tafi, kasuwar 'yan lemo, ya kama dako. A can ba a bukatar baki, a nuna maka buhu ka ɗauka. In'inar ta ƙaru har ya zama sai dole yake magana, yawanci da hannu yake yi. Malam kuwa bai rasa aikinsa ba, bai kuma rufe makaranta ko na wuni ɗaya ba. Bai sake kiran sunansa ba, amma ya mayar da shi misali. In ɗalibi ya yi gaggawar karatu sai ya ce, "A hankali. Kada ka zama irin jakin nan da ya je gaban manaja ya zuba magana ba waƙafi." A wurinsa abin da ya ɓata lamarin ke nan. Da yaron ya ja numfashi a inda ya kamata, da yanzu yana sito. Ya faɗa, ya kuma faɗa, har ina jin shi ma ya yarda.

Tsufa ya zo masa daidai da lokacin da kamfanoni suka yi ta rage mutane saboda rashin wuta. Aka sallame shi, aka sa wani saurayi mai waya a bakin get. Ɗalibai suka watse a mako guda, tunda sanda ta daina nuna kowa. Ya ci gaba da fitowa gindin darbejiya shi kaɗai da allonsa. In 'yan makaranta sun wuce sai ya tare su ya ce su kawo kalma, su kuma su ruga suna "Baba Fulsitof, Baba Fulsitof," suna ranƙwashin iska. Jikokinsa suna jin Turanci a waya, in ya yi nasa sai su toshe baki su shige ɗaki. 'Yarsa ta ce a ciwon ajalinsa ya riƙa duban ƙofa yana tambaya ko an zo. Ni ban ji ba. Yana da baki, yana da masu aike, Na'ibawa kuma ba Makka ba ce.

Ranar sadakar uku, da hantsi, sai ga na farin. Ban aika masa ba. Ya tsaya wajen maza ya yi addu'a, ya shigo cikin gida da ledar lemo, ya ajiye a gabana, ya tsuguna daga nesa. Gemunsa ya yi fari, wuyansa ya kauce gefe guda saboda kaya.

"Iya, ya-ya-ya haƙuri."

Na amsa wa bango, kamar yadda na saba.

Babbar 'yar ta taso da gudu ta zube a gabansa, ƙannenta suka biyo ta. Tare suka tashi a gida ɗaya, kwano ɗaya.

"Yaya, don Allah, don Annabi. Ya riga ya kwanta. Kalma ɗaya ce. Ko ba za ka iya faɗa ba, ka ɗaga kai kawai, mun gani."

Bai dube ta ba. Ni ya duba, irin duban nan na bakin get. Ɗaki ya cika da mata, kowa ta san in na ce yafe masa zai yafe, don bai taɓa tsallake maganata ba, ɗan abin da na taɓa ce masa. 'Yar ta juyo kaina tana kuka.

"Inna, ku ce wani abu."

Na ce, "Ɗan fari ne, 'yar nan. Ke kin taɓa ganin na sa baki a maganarsa?"

Na gyara mayafina na juya musu baya. Ya ɗan jima a tsugune. Sannan na ji ƙarar gwiwoyinsa ya miƙe, na ji takalminsa a soro. Aka raba lemon, ya kai kowa.

Allah ya jiƙan yayan mijina, ya sa ruwan duron da ya kifar ya zame masa sanyi a kabari. Sauran kuma tsakaninsu ne, akwai ranar da za a zauna a kai.

'Yan wancan zamani na bakin get mun ƙare. Manajan tuni ya koma ƙasarsu, ban san ko yana da rai ba. Masu kunu duk sun riga mu. Malamin firamaren yana nan a Kumbotso, ido ya tafi, jikarsa ke jan sa zuwa masallaci. Bazabarmen yana nan, ya zo gaisuwa, haƙori ɗaya ya rage masa. Matar marigayin tana nan, ba ta ji abin da aka yi a ɗakin ba, ta ce ashe yaron kirki ne har da lemo. Ni ina nan, da ƙafata mai ciwo. Na farin ma yana nan a Na'ibawa, yana dako har gobe. Allah ya ba shi 'ya'ya maza da mata, masu kai irin nasa, bakinsu garau. Ko ɗaya bai bari ya taka makarantar boko ba.